Keke da Doguwar Hanya: Yadda Gajiya da Nisa Suke Cin Gudun Mahayi a Ƙasar Gobir

Matsakaicin gudun mai keke shi ne abin da ake samu idan aka raba nisan da ya ci da lokacin da ya ɗauka, tun daga ɗora ƙafa a kan feda har zuwa sauka a inda ya nufa. Wanda ya tashi daga Sabon Birni ya sauka a Isa, tafiyar kilomita 40 da ɗoriya, cikin awa uku, ya yi gudun kilomita 13 zuwa 14 ke nan a awa, ko da kuwa akwai gangaren da ya zubo a guje har riga tana kaɗawa. Lissafin ba shi da wuya. Abin da yake rikita mutane shi ne wannan adadi ba ya zama wuri ɗaya, raguwa yake yi duk lokacin da hanya ta ƙara tsawo. Saurayin da ya saba zuwa kasuwa mai nisan kilomita 10 cikin rabin awa yakan ɗauka cewa Sakkwato, wadda take fiye da kilomita 130 daga Sabon Birni, tafiyar awa bakwai ce a gare shi. Idan ya gwada, da wuya magariba ba ta riske shi a hanya ba.

Wannan magana tana da nauyi a gabashin jihar Sakkwato. Ƙasar da ta miƙe daga kufan Alƙalawa, tsohon birnin sarakunan Gobir da ya faɗi a 1808, ta bi Gulbin Rima zuwa Sabon Birni, ta gangara kudu zuwa Isa da bakin iyakar Shinkafi, ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya wadda keke ya daɗe yana aiki a cikinta. Da shi manomi yake zuwa fadama, da shi ɗan koli yake cin kasuwannin ƙauye, da shi ɗalibi yake zuwa makarantar da ba ta garinsu. Babur ya ture shi na wasu shekaru, amma tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023, mutane da yawa sun kakkaɓe tsofaffin kekunansu sun kai wa mai gyara. Ga kuma halin rashin tsaro da yankin ya shiga, wanda ya sa sanin lokacin da mutum zai sauka ya zama abin da rai ya rataya a kansa.

Ba talaka mai tsohon Raleigh ko Phoenix kaɗai nisa yake yi wa haka ba. Gwanayen duniya ma ba su tsira ba, kuma alƙalumansu a rubuce suke. A ranar 8 ga Oktoban 2022, Filippo Ganna ɗan Italiya ya ci kilomita 56.792 cikin awa ɗaya a filin tseren keke na Grenchen da ke Suwizalan. A Yulin 2021, Christoph Strasser ɗan Ostiriya ya yi awa 24 a kan keke ya ci kilomita 1,026, wato kusan kilomita 43 a awa. Shi dai wannan Strasser, a gasar ƙetare Amurka daga gaɓar yamma zuwa ta gabas a 2014, ya yi tafiyar kimanin kilomita 4,860 cikin kwana 7 da awa 15 da minti 56, matsakaicin gudunsa ya sauko zuwa kilomita 26 da ɗan ɗori. Shi kuwa Mark Beaumont ɗan Sikotilan, da ya zagaya duniya a 2017, kimanin kilomita 29,000 cikin kwana 78 da awa 14 da minti 40, idan aka haɗa da barcinsa da shiga jirginsa, kilomita 15 ne kacal a awa. Hanyoyin ba iri ɗaya ba ne, domin ta Amurka tana da duwatsu da hamada, amma alƙiblar ɗaya ce: daga 57 zuwa 43 zuwa 26 zuwa 15.

Masana sun daɗe da lura da wannan. Tun a 1925 A. V. Hill, masanin aikin jiki ɗan Ingila, ya jera bajintar ’yan wasa ya nuna yadda gudu yake sauka idan lokacin wasa ya tsawaita. A 1977 wani injiniya Ba’amurke mai suna Peter Riegel ya fito da ƙa’idar da masu gudun ƙafa suke amfani da ita har yau, wadda take nuna cewa duk lokacin da aka ninka nisa, gudu yakan ragu da kimanin kashi 4 cikin 100. Sai dai ƙa’idar tana aiki ne a tseren da bai wuce ’yan awoyi ba, ga mutumin da ya horu. Da zarar tafiya ta kai ga sai an ci abinci, an yi salla, an yi barci, raguwar takan fi haka nesa ba kusa ba.

Dalili na farko ba ma a jiki yake ba, a lissafi yake. A ce mutum ya yi tafiyar kilomita 40 da safe yana gudun kilomita 20 a awa, ya komo da yamma a gajiye yana gudun 10. Kusan kowa zai ce matsakaicinsa 15. Ba haka ba ne. Zuwa ya ci awa biyu, dawowa ta ci awa huɗu, kilomita 80 cikin awa shida ke nan, wato 13 da ɗan kaɗan. Sashen da aka yi a hankali shi ne yake cinye mafi yawan lokaci, saboda haka shi ne yake rinjaye a sakamako. Gudun da aka zuba da safe ba ya biyan bashin jan ƙafar da aka yi da yamma.

Tsayawa ta fi wannan ɓarna, domin mai tsaye gudunsa sifili ne alhali agogo bai tsaya ba. Wanda ya yi awa takwas a kan sirdi yana gudun kilomita 16 ya ci kilomita 128. Idan aka ƙara masa awa uku na azahar da la’asar da cin abinci da faci ɗaya da gaishe-gaishe da shingen jami’an tsaro, matsakaicinsa ya faɗo ƙasa da 12. Kafin ya maido da wannan asara ta hanyar taka feda, sai ya ƙara gudunsa zuwa kusan 26 a awa na tsawon awa biyar, abin da ba zai yiwu ba a kan keken kasuwa. Shi ya sa a tafiyar Faris zuwa Brest da dawowa, mai kilomita 1,200, wadda aka fara a Faransa tun 1891 kuma ake ba mahaya awa 90 su gama, tsofaffin hannu suka fi kula da mintocin da suke ɓatawa a wuraren yada zango fiye da gudun da suke yi a tsakani. Awa 90 ɗin ba ta buƙaci fiye da kilomita 13 da ɗan kaɗan a awa ba, amma duk da haka mutane da yawa ba sa kaiwa.

Dalili na biyu shi ne iska. A kan kwalta mai kyau, da zarar gudu ya wuce kilomita 15 zuwa 20 a awa, mafi yawan ƙarfin mahayi yana tafiya ne wajen keta iskar da ke gabansa. Tirjiyar iska kuwa ba daidai da gudu take ƙaruwa ba. Idan aka ninka gudu, turin da take yi yakan ninku huɗu, ƙarfin da za a kashe a kowane minti don keta ta kuma ya ninku takwas. Daga gudun 20 zuwa 25 kawai, wannan ƙarfi yana kusan ninkuwa biyu, ribar da za a samu a tafiyar kilomita 40 kuwa minti 24 ce. Cinikin asara ne ga wanda yake da sauran hanya a gabansa.

A ƙasar Gobir iska tana da lokacinta da alƙiblarta. Daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu yana busowa daga arewa maso gabas, saboda haka wanda ya taso daga Sakkwato ta Goronyo zai nufi Sabon Birni, iskar tana dukan ƙirjinsa kusan dukan hanya, mai tafiya Sakkwato kuma tana tura shi ta baya. Da damina abin yakan juya, domin iskar ruwa daga kudu maso yamma take zuwa. Mai gudun kilomita 15 da ya fuskanci iska mai gudun 15, turin da yake sha ya ninka na ranar da babu iska har sau huɗu. Iskar baya kuma ba ta rama abin da ta gaba ta ci, saboda dalilin lissafin da aka ambata: an fi daɗewa a cikin wahalar. Babbar riga da faffaɗan kaya a kan kariya, irin damin kara ko tabarmi a gicciye, suna ƙara faɗin abin da iska take kamawa. Mutum biyu ko uku da suka jera, ɗaya a bayan ɗaya, suna karɓa-karɓar gaba, sukan rage wa juna wahala sosai idan ana iska. A gudun tsere, na baya yakan sami sauƙin da ya kai kusan kashi 30 cikin 100.

Sai babban dalili, wanda yake cikin jiki. Tsoka tana aiki da makamashi iri biyu. Akwai sukarin ajiya da jiki yake tarawa a hanta da cikin tsokoki, wanda likitoci suke kira gilaikojin, akwai kuma kitse. Sukarin ajiya kamar garin da ke cikin ƙwarya ne a ɗaki, ana buƙata sai a tuƙa, amma ba shi da yawa. Kitse kuwa damman da ke cikin rumbu ne, yana da yawa ƙwarai, amma sai an yi sussuka da surfe da niƙa kafin ya shiga tukunya. Sukarin da baligi yake iya ajiyewa bai fi giram 400 zuwa 500 ba, kimanin kalori 2,000, kuma aiki mai tsanani yana iya ƙarar da shi cikin awa ɗaya da rabi zuwa biyu. Kitsen jikin siririn mutum ma ya isa tafiyar kwanaki. Wasu likitocin Suwidin, Jonas Bergström da Eric Hultman, su ne suka tabbatar da wannan a shekarun 1960, ta hanyar ɗebo ɗan ƙanƙanin nama daga cinyar masu tuƙa keke suna aunawa. Sun ga cewa tsawon lokacin da mutum zai jure ya danganta da yawan sukarin da ya fara da shi, yawan sukarin kuma ya danganta da abin da ya ci a kwanakin baya.

Abin da ya kamata mahayi ya riƙe shi ne cewa ƙarfin takunsa ne yake zaɓar wanda za a ƙona. Idan yana tafiya a natse, yadda zai iya hira da abokin tafiya ba tare da haki ba, kitse yana ɗaukar kaso mai yawa na aikin. Idan ya matsa har numfashi ya fara sarƙewa, jiki yakan koma kan sukari kusan gaba ɗaya. Wanda ya fita da zafin nama a awa biyun farko ya ƙone abin da zai buƙata a awa ta biyar. Ƙarewar sukarin kuwa ba a hankali take zuwa ba. Ƙafafu sukan yi nauyi farat ɗaya, hannu ya ɗauki rawa, gumi mai sanyi ya keto, ido ya fara ganin duhu-duhu, mutum ya ji haushin kowa ba dalili, domin ƙwaƙwalwa ma da sukarin jini take aiki. Mai gudun 18 sai ya koma 8, kuma ko ya ci abinci a lokacin, ba zai dawo yadda ya fara ba a wannan yini.

Maganin shi ne ci tun kafin yunwa. Masana abincin ’yan wasa suna ba da shawarar giram 30 zuwa 60 na abinci mai sukari ko sitaci a kowace awa, ga duk aikin da ya wuce awa biyu. Ba sai an nemi kayan kanti ba. Dabino bakwai zuwa goma sun kai wannan adadi. Fura, musamman idan an dama ta da nono an sa ɗan sukari, ta haɗa hatsi da ruwa a ƙoƙo ɗaya, kuma da wuya a sami abin da ya fi ta dacewa da matafiyi a wannan ƙasa. Mazarƙwaila da rake da dafaffen dankali da kunu duk suna aiki. Ƙuli-ƙuli da gyaɗa da tsire suna riƙe ciki, amma suna jinkirin narkewa, sun fi amfani bayan an sauka. Kuskuren da aka fi yi shi ne a fita da ruwan shayi kawai, a yi ta tafiya har azahar, sannan a zauna a cika ciki da tuwo ko shinkafa da wake. Jini sai ya koma ciki wajen narkar da abinci, kasala ta sauko, a yi asarar awa guda a gindin bishiya. Ɗumame ko koko da ƙosai kafin fita, da ɗan abin taɓawa a aljihu duk bayan rabin awa, sun fi wannan nesa.

Zafi shi ne abin da ya bambanta wannan yanki da ƙasashen da aka yi yawancin binciken. Tsokar ɗan Adam ba ta mayar da fiye da kashi 20 zuwa 25 cikin 100 na makamashin da ta ƙona zuwa motsi. Sauran duk zafi ne, kuma dole a fitar da shi. Jiki yakan tura jini zuwa fata, ya kuma fitar da gumi. Jinin da ya tafi fata an rage shi ne daga wanda zai je cinya, ruwan gumin kuma wani sashensa daga jini yake fita. Saboda haka zuciya takan ƙara bugu don ta yi aikin da take yi a da, mahayi ya ji tafiyar ta ƙara nauyi alhali gudunsa bai ƙaru ba. A wani gwaji da Galloway da Maughan suka wallafa a 1997 a Sikotilan, mutanen da suka jure tuƙa keke na kimanin minti 93 a ɗaki mai sanyin digiri 11, minti 52 kawai suka iya a digiri 31. A ƙasar Sakkwato kuwa, a watan Afrilu, zafin rana yakan wuce digiri 40 a inuwa, kwalta kuma ta fi haka.

Gaskiya ne mutanen yankin sun saba, kuma sabo yana da tasiri a jiki: wanda ya yi mako biyu yana aiki a zafi yakan fara gumi da wuri, gishirin da yake zubarwa ya ragu, jininsa ya ƙaru. Amma sabo ba ya hana ruwa ƙarewa. Mai taka feda a bazara yana iya zubar da lita ɗaya zuwa biyu a awa, kuma da zarar ya rasa ruwan da ya kai kashi 2 cikin 100 na nauyinsa, wato lita ɗaya da ’yan kai ga mai kilo 60, ƙarfinsa yakan fara raguwa a fili. Hunturu yana da tasa yaudarar, domin busasshiyar iska tana shanye gumi nan take, riga ba ta jiƙewa, mutum ya zaci ba ya zubar da komai. Fitsari kaɗan mai duhu shi ne shaidar da ba ta ƙarya. A doguwar tafiya ruwa zalla ba ya wadatarwa, ana son gishiri tare da shi. Haɗin da ma’aikatan lafiya suke koya wa iyaye mata, ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, yana yi wa mahayi aiki. Idan kuwa abokin tafiya ya fara magana ba kan gado, ko yana tangaɗi a kan hanya, ko jikinsa ya yi zafi rau, maganar gudu ta ƙare. A kai shi inuwa, a jiƙa shi da ruwa, a yi masa fifita, a nemi asibiti, domin bugun zafi yana kisa.

Azumi ya haɗa matsalolin biyu wuri ɗaya, ba ci ba sha, kuma daga 2022 zuwa 2025 Ramadan ya faɗo ne a watannin Maris da Afrilu. Mai azumin da zai yi ’yar tafiya gara ya yi ta da sanyin safiya, ko dab da buɗa-baki inda hanya take da aminci. Tafiyar da ta kai nisan ƙasaru, wanda malaman Malikiyya suka ƙiyasta da mil 48, kimanin kilomita 80, shari’a ta yi rangwame a kanta, kuma cikakken hukuncin yana wurin malamai.

Shi kansa keken yana da nasa kaso. Keken da aka fi sani a ƙauyuka mai giya ɗaya ne, nauyinsa ya kusa kilo 20, kuma kowane zagayen feda yana tura shi kimanin mita biyar da rabi. Idan ƙafa tana zagaye 60 a minti, ana gudun kilomita 20 ke nan, aikin kuma yana zuwa da sauƙi. Da zarar iska ko tudu ko yashi sun sauko da gudun zuwa 10, zagayen ya koma 30, kowane taku ya zama dannawa da dukan ƙarfi. Irin wannan taku yana cinye sukarin tsoka da sauri, yana kuma cin gwiwa. Mai giya da yawa yakan sauya ya ci gaba da juya ƙafa a sauƙaƙe, mai giya ɗaya kuwa ba shi da mafita sai ya miƙe tsaye a kan feda ko ya sauka ya tura. Saukar ba abin kunya ba ce. A yashi mai zurfi, irin na hanyoyin da suka ratsa tsakanin gonaki zuwa bakin iyakar Nijar, turawa takan fi araha a jiki, bambancin lokacin kuma kaɗan ne.

Buhun gero a kan kariya ba ya hana gudu sosai a kwalta mai santsi idan an riga an ɗauki hanya, amma yana bayyana a kowane tashi, a kowane hawa, a gargada da cikin yashi. Taya tana son iska sosai a kan kwalta, a ɗan sassauta mata a burji da rairayi. Busasshiyar kaca da birkin da yake gugar ƙafar keke suna satar ƙarfi a kowane zagaye, kuma abin da ba a ji a kilomita biyar yakan zama dutse a kilomita 70. Sirdin da ya yi ƙasa da yawa, wanda shi ne halin yawancin kekunan aro da na gado, yana hana ƙafa miƙewa. Gwajinsa mai sauƙi ne: a zauna, a ɗora diddige a kan feda tana can ƙasa, ƙafar ta miƙe sak ba tare da an karkata ƙugu ba.

Bayan awa biyar ko shida, wata irin gajiya takan shigo wadda ba ta da alaƙa da numfashi. Mazaunai suna zafi, tafin hannu yana mutuwa, wuya da ƙugu suna ƙagewa. Mahayi yakan daina taka feda na ’yan daƙiƙoƙi don ya gyara zama, sannan ya riƙa neman dalilin tsayawa. Ta wannan ƙofa ce ciwo yake rage matsakaicin gudu, ta hanyar yawaita tsayawa da tsawaita ta. A nan ne kuma wasu matasa suke faɗawa tarkon ƙwaya, musamman tramadol. Ƙwayar ba ta ƙara ko giram ɗaya na sukari a tsoka, ba ta mayar da ruwan da ya fita. Abin da take yi shi ne ta toshe gargaɗin da jiki yake bayarwa, ta kawo jiri da gyangyaɗi, wani lokaci har da farfaɗiya, ga kuma kamu da take yi wa mai shan ta. Hukumar tseren keke ta duniya ta haramta ta a gasa tun Maris na 2019. Tarihin wasan yana da misali mai ɗaci: Tom Simpson ɗan Birtaniya ya faɗi ya mutu a kan dutsen Ventoux a gasar zagaya Faransa ranar 13 ga Yulin 1967, cikin tsananin zafi, an kuma sami ƙwayar ƙara kuzari a jikinsa. Goro ko shayi suna ɗan wartsakar da mutum, amma su ma ba abinci ba ne.

Idan tafiya ta wuce yini ɗaya, lissafin yakan koma na kwana. Jiki yana buƙatar kusan awa 24 da abinci mai yawa kafin ya cika ajiyar sukarinsa, saboda haka wanda ya ƙarar da kansa a ranar farko yakan tashi a rana ta biyu da rabin guzuri. Ƙarancin barci yana ƙara nasa. Masu neman lashe gasar ƙetare Amurka ba sa barcin da ya wuce awa ɗaya zuwa biyu a kwana, kuma da yawansu sun ba da labarin gane-ganen abubuwan da babu su a kan hanya. Gasar zagaya Faransa, mai kimanin kilomita 3,400, ana gama ta da matsakaicin gudun da ya wuce kilomita 40 a awa, amma sirrin shi ne an raba ta zango 21, da kwana biyu na hutu, kowane dare kuma da gado da abinci da masu tausa, kuma ba a ƙirga lokacin barci a cikin sakamako. Wani bincike da Herman Pontzer da abokan aikinsa suka wallafa a 2019 ya nuna cewa idan wahala ta ɗauki watanni, jiki ba ya iya ci gaba da ƙona fiye da ninki biyu da rabi na abin da yake ƙonawa a kwance, domin hanji ba ya iya shigar da abin da ya fi haka. Duk abin da ya ɗara wannan, daga naman jiki ake cirarsa.

Matafiyan Afirka ta Yamma da suka yi irin wannan tafiya ba su da motar rakiya, kuma alƙalumansu sun fi kusa da rayuwar mai karatu. Mamadou Safayou Barry ɗan Gini ya tashi a watan Mayun 2023 da nufin karatu a Jami’ar Azhar, ya bi ta Mali da Burkina Faso da Togo da Binin da Nijar har Chadi, kimanin kilomita 4,000 cikin wata huɗu, kafin masu taimako su saya masa tikitin jirgi zuwa Alƙahira. Idan aka raba, kilomita 30 da ’yan kai ne a kwana, tafiyar da ba ta fi awa biyu zuwa uku a kan sirdi ba. Sauran lokacin ya tafi ne a neman abinci da wurin kwana da tsarewar da jami’an tsaro suka yi masa har sau uku. Aliyu Abdullahi Bala, wanda ya tashi daga Jos a 2021, sai a Disambar 2022 ya shiga Makka. A tafiya irin wannan, ƙarfin cinya shi ne mafi ƙanƙantar abin da yake yanke hukunci. Fataken da suka yi safarar goro tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja sun san haka tun kafin keke ya zo. Madugu yakan tashi ayari da sassafe, ya sauke shi a zango kafin rana ta take, domin jaki da ɗan alaro su iya tashi gobe.

Wannan tsari na sammako da hutun tsakar rana da ƙarasawa da yamma shi ne ya fi dacewa da jiki a ƙasa mai zafi, kuma abin takaici shi ne halin tsaro ya lalata shi a gabashin Sakkwato. Hasken rana a wannan yanki bai fi awa 11 zuwa 13 ba, gwargwadon lokacin shekara. Sa’o’in da suka fi sanyi, duku-dukun asuba da bayan la’asar sakaliya, su ne waɗanda matafiyi ya fi tsoro a yau, sai ya zamana an tura shi cikin tsakar ranar da ta fi cin ƙarfinsa. Hanya ma takan ƙara tsawo. A Satumbar 2021 gwamnatin jihar ta rufe hanyar Isa zuwa Marnona, ta shawarci matafiya su zagaya ta Sabon Birni da Goronyo. Ga mai mota ƙarin mai ne, ga mai keke kuwa ƙarin yini ne.

Saboda haka lissafin da ya dace mai keke ya yi kafin ya fita ba na gudunsa na safe ba ne. Ya ɗauki gudun da ya san yana yi a awa ta huɗu, ba ta farko ba. Ya ware minti 10 zuwa 15 na tsayawa a kowace awa, ya ƙara lokacin salla da na faci ɗaya ko da tayoyinsa sababbi ne, ya duba inda iska ta fuskanta a wannan wata. Ga lafiyayyen mutum a kan keke mai giya ɗaya, ba kaya mai nauyi, abin da irin wannan lissafi yake bayarwa a tafiyar yini bai cika wuce kilomita 10 zuwa 12 a awa ba. Idan sa’o’in da hanya take da aminci bakwai ne, iyakar tafiyar ranar kilomita 70 zuwa 80 ce, wato kwatankwacin Sabon Birni zuwa Goronyo. Mai nufin Sakkwato daga can sai ya shirya wurin kwana tun kafin ya bar gida.